Falona ya zama majami'a, ina neman shawara

Matar mai bishara:
Salama, iyaye da 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, na sakaya sunana da na ƙauyen. Wata 14 ke nan da aka turo mu wani ƙauyen Maguzawa a bayan Malumfashi mu fara aiki. Mun zo da yara uku, muka tarar da masu bi gida biyu kacal. Yanzu ranar Lahadi mukan kai mutum 30 har da yara, mun gode wa Ubangiji.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ciki da falo gare mu, falon kuma shi ne majami'a. Benci huɗu da ganga sun cinye wurin. Addu'ar safe ƙarfe 5, Laraba addu'a, Alhamis zumuntar mata, Asabar mawaƙa. Babbar 'yata a kan ganga take ɗora littafi ta yi aikin makaranta. Bayan sujada ba mai tafiya, wasu daga nesa suka tako, ni ma ba na iya kallon su da yunwa. Buhun masarar da na yi lissafin wata uku, sati biyar ya yi.

Makon jiya autana ya kwana da zazzaɓi, babansa yana wani ƙauye wurin makoki. Da ya dawo na yi magana, sai ya ce, "Da kika aure ni ai kin san kira ne." Na yi shiru, amma tun ranar da ƙunci nake shiga sujada. Ni ce marar haƙuri, ko akwai abin gyara?

Ɗan'uwa daga Kaduna:
Mama, haƙuri za ki yi. Mutum uku suka fara aikin SIM, ƙungiyar mishan da ta kawo bishara ƙasar nan, a 1893, Gowans da Kent da Bingham, a 1894 biyu sun riga sun mutu. Su rai suka bayar, ke masara ce. Ki riƙe addu'a, kada Shaiɗan ya shigo ta wurinki.

Mamar zumunta, Kafanchan:
Ɗana na Kaduna, waɗancan ukun samari ne, ba wanda ya zo da goyo. Kai ma je ka kwana da yaro mai zazzaɓi ba chemist kusa, sannan ka dawo mu yi maganar Shaiɗan.

'Yar'uwa, ni ma na sha wannan miyar. Kuskurena na farko shi ne na mai da kaina uwar kowa, na ɗauka in wani ya kawo abinci gidan fasto abin kunya ne. Ashe su ma matan suna jin nauyi, ba su san yadda za su fara ba. Ranar da na ce kowace ta zo da tiya guda ta dawa a wata, mu riƙa dafawa biyu-biyu, har wadda ba ta taɓa buɗe baki a zumunta ba ta zo da kuka da daddawa ƙulle a bakin zane. Manoma ne, bayan kaka hatsi ba ya yi musu wuya. Kuɗi ne ke musu wuya, kada ki fara da shi.

Baba Rabaran, mai ritaya:
Ɗiyata, ba laifi kika yi ba. Ni da mijinki zan yi, in ya yarda ki miƙa masa wayar.

Malam, buɗe Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura 18. Kowa ya san shawarar da Yetro ya ba Musa, cewa ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma, don kada ya gaji ya gajiyar da jama'a. Abin da ake tsallakewa shi ne farkon surar. Me ya kawo Yetro? 'Yarsa Ziffora, matar Musa, da 'ya'yanta biyu ya maido wa Musa. Wato babban bawan Allah yana shari'a daga safe har yamma, iyalinsa kuwa suna gidan suruki. Sannan 1 Timoti 3 ta sa kula da gida cikin sharuɗɗan mai kula da ikilisiya. Sharaɗi ne, Malam, ba lada ba ce da za ka ba iyali in lokaci ya ragu.

Na san abin da ke ranka, don ni ma na yi shi. Kana tsoron in ka ƙi zuwa makoki ɗaya, mutum zai koma inda ya fito. A sabon wuri kowane kai da daraja yake, gaskiya ne. Amma maƙwabtanka ba wa'azinka suke ji ba, gidanka suke kallo ta kan dangar kara. Wata rana ɗana na fari, yana ɗan shekara 9, ya tambaye ni ko sai ya yi ciwo sannan zan ziyarce shi kamar sauran membobi. Yau ya yi furfura, ni kuwa har yanzu ina jin maganar nan.

Ka ɗauki magidanta biyun da ka tarar, ka fara tafiya da su gaisuwa da addu'ar marasa lafiya. Za su yi tuntuɓe wajen karatu, ka bar su. Ranar Litinin kuma ka jingine babur.

Mai bishara, Sumaila:
Ku fid da sujada daga ɗakin kafin damina. Rumfar zana da 'yan azara ta isa mutum 30, mu a gindin dalbejiya muka fara. In wani ya ba da fili, ko kyauta ne, a je gaban mai unguwa a rubuta takarda da shaidu, don magada ba su san alkawarin baki ba. Kuma ki sanar da majami'ar da ta ɗauki nauyinku. EMS, ƙungiyar ikilisiyar ECWA mai aika masu bishara, tun 1948 take tura ma'aurata irin wannan aiki, manya sun san zancen, sai dai ba sa jin kukan da ba a yi ba.

Ɗan'uwa daga Kaduna:
Na karɓi gyara, Mama. Amma dai rumfa ba za ta hana mutane shiga gidan fasto ba.

Matar mai bishara:
Na gode ƙwarai. Baba, na ba shi ya karanta daren jiya. Bai ce komai ba, ya dai daɗe riƙe da wayar. Da safe na ji yana tambayar wani dattijonmu nawa ake sayar da zana ranar kasuwa. Maganar Litinin kuwa ya ce sai an gama ajin baftisma, mutum shida ne, saura sati uku.

Mama ta Kafanchan, maganar tiyar nan, ni zan faɗa a zumunta, ko in sa wata ta faɗa? Kunya nake ji kada a ce matar malam ta fara roƙo.

Mamar zumunta, Kafanchan:
Kada ta fito daga bakinki. Ki samu tsohuwar da kowa ke jin maganarta, ki kai mata goro ko sabulu, ku zauna ku biyu. Ranar Alhamis ita za ta tashi da shi kamar nata tunanin ne.