An rufe boda sun ci, an buɗe sun ci: ina gasar take?

Mai_Casa_Argungu:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan injin casar shinkafa nan Argungu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Da aka rufe boda a watan Agustan 2019 mun ce kakarmu ta yanke saƙa, 'yar waje ta tafi. Ba a jima ba wakilan manyan kamfanoni suka cika kasuwa da tireloli. Ina tsaye ina taya shanshera, wani yaro da waya a kunne ya ɗora kan tayina, ya kwashe kaf, har buhunan da ba a gama ɗinke wa baki ba. Shi kuɗin banki ke bayansa, ni adashin uwargida. Injina ya yi sati uku shiru, har gizo ya yi saƙa a bel.

Sai ga 2024, gwamnati ta ɗage harajin shigo da shinkafa na kwana 150, amma aka ce sai mai injin da ke cashe tan 100 a rana zai shigo da ita. Wa ke da wannan in ba su ba? Don Allah masana, wannan ita ce kasuwar da ake cewa kowa tasa ta fisshe shi?

Manomin_Suru:
Alhaji, a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Kafin manyan injina su zo, ku da dillalai ke yanka muna farashi yadda kuka so, wani lokaci ma bashi. Wanga yaro mai waya da kake kuka da shi, ni rannan na yi dariya, kuɗi hannu ya ba ni. Tun da Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a 2015 muka san shinkafa kuɗi ce. Kukana daban ne: an cire tallafin fetur a 2023, injin ban ruwa na shan mai kamar raƙumi, taki ya yi sama, sannan aka shigo da ta waje shanshera ta faɗi. Bana rabin fadamata kawai na noma.

Malam_Na_Jega:
Ku duka kuna da gaskiya, sai dai girman kamfani ba shi ne laifin ba. In mutum ya girma don kayansa sun fi kyau ko sun fi araha, Allah ya ƙara. Inda gizo ke saƙar shi ne gwamnati ta riƙe ƙofa, ta zaɓi mai shiga. Ku dubi siminti. A 2002, zamanin Obasanjo, aka ce lasisin shigo da shi sai wanda ya nuna zai gina masana'anta a gida. An samu masana'antun kuwa, ga ta Kalambaina nan kusa da mu a Sakkwato. Amma yau kusan duk kasuwar na hannun Dangote da BUA da Lafarge, na waje kuma ba ya shigowa balle ya ja farashi ƙasa. Akwai hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa don hana babakere a kasuwa. To amma in ka'idar gwamnati ce da kanta ta ware ƙanana, ƙarar wa za ka kai?

Ɗan_Kamba:
Ku kuna ta lissafi. Mu nan rufe boda bai hana shinkafa shigowa ba, hanya kawai ta sauya: babur, dare, daji. Mai buhu biyu aka riƙa kamawa.

Mai_Casa_Argungu:
Na Suru, na karɓi laifin bashin, mun yi. Malam, mu shida masu ƙananan injina muna shawarar haɗa kuɗi mu riƙa saye tun a gona. In mun yi rajistar ƙungiya, banki zai saurare mu kuwa, ko sai mun kai takardar fili?