Gina manyan gidajen yari zai kawar da cunkoso?

Mai bincike: Ana ta cewa maganin cunkoso shi ne a gina manyan gidajen yari irin na Janguza a Kano, mai ɗaukar mutum 3,000. Ni ban yarda ba. Alƙaluman Hukumar Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare masu jiran shari'a ne. In ba a gyara kotu ba, ko nawa aka gina sai ya cika.

Tsohon gandiroba: Hajiya, kada a raina gini. Gidan yarin Kurmawa na Kano tun zamanin Turawa yake. Inda ake kwanan zaune, ban ɗaki bokiti ne, ƙazwa da tarin fuka ba sa ƙarewa. Wanda ke ciki yau ba zai iya jiran a gyara kotu ba.

Lauya: Gaskiyarka, Baba, amma a duba ƙofar shigowa. Ɗan sanda zai kai wanda ake zargi da fashi ko kisa gaban majistare, alhali ya san ba shi da hurumin shari'ar. Majistare ya tura shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar gudanar da shari'ar laifuka, sashe na 296, ta ƙayyade wannan tsarewar: kwana 14, a ƙara 14, sannan 14 na ƙarshe bayan an nemi hukuma ta kawo dalili. In babu, a sallame shi. Sashe na 376 ya ba Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawara kan ko za a gurfanar da mutum, daga ranar da fayil ya iso. To nan gizo ke saƙar. Fayil ɗin ba ya barin caji ofis: ko babu kuɗin yin kwafi, ko an yi wa ɗan sandan da ke binciken canjin wurin aiki, ba wanda ya gaji aikin. Ranar zama kuma babu man motar kai fursunoni, sai a ɗage.

Tsohon gandiroba: Wannan dokar ai ta tarayya ce, Barista.

Lauya: Jihohi sun yi nasu, Kano tun 2019. Aiki da ita ne ya gagara. Sashe na 34 na ACJA ya ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda kowane wata, ya duba rajistar kame, ya ba da beli inda ya dace. Wannan ba ya bukatar bulo ko ɗaya.

Mai bincike: Ga kuma sashe na 12 na dokar Gyaran Hali ta 2019. Idan gida ya cika, kwanturola, wato shugaban hukumar a jiha, ya sanar da Babban Jojin jiha da Antoni Janar cikin mako guda, su kuma su yi wani abu cikin wata uku. Kwanturolan tare da shugaban gidan suna da ikon ƙin karɓar sababbi.

Tsohon gandiroba: A takarda ke nan. Wane jami'i ne zai mayar da wanda aka kawo da takardar kotu? Ya kai shi ina, sel ɗin 'yan sanda da ya fi muni? Ni na fi ganin amfanin biyan tara da aka yi a 2023, aka saki mutum 4,068.

Mai bincike: Alheri ne, Baba, amma waɗannan an riga an yanke musu hukunci. Mai jiran shari'a ba shi da tarar da za a biya masa. Kuma mafi yawansu laifin dokar jiha ake tuhumarsu, abincinsu kuwa gwamnatin tarayya ke biya, shi ya sa jinkirin ba ya taɓa aljihun gwamna. A ɗora wa jiha kuɗin ciyar da duk wanda ya wuce kwana 42 babu shawara, a ga ko fayil zai sake kwana a ofis.