Wace kalma za mu ba wa "haifima" a gaban alƙali?

'Yan'uwa masu aikin fassara da ma'aikatan lafiya, akwai kalmar da take fitowa a rahoton likita idan an naushi mutum a ido, wato "haifima" (hyphema a Turancin likitoci). Sau da yawa tafinta a kotu yakan ce "jini ya taru a ido", ya wuce. Ni wannan fassarar ba ta gamsar da ni ba, domin ta haɗa raunuka biyu waɗanda hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai jinin da yake bazuwa a farin ido. Yana da ban tsoro a gani, amma galibi yakan washe da kansa cikin mako biyu ko uku, gani kuma yana nan kalau. Haifima kuwa jini ne da ya zuba a cikin ido, a ɗan sararin da ke gaban baƙin ido, ya kwanta daga ƙasa kamar laka a gindin randa. Yana iya toshe magudanar ruwan ido har matsi ya hau ya lalata jijiyar gani, yana kuma iya sake zuba a kwanakin farko. Mai ciwon sikila ya fi kowa shiga hatsari a nan, ga shi kuma ba su da kaɗan a cikinmu.

Bambancin yana da nauyi a shari'a. Sashe na 241 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na Arewacin Najeriya, ya lissafa rasa ganin ido na dindindin cikin munanan raunuka, kuma a fikihun Malikiyya diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce, idan kuwa idon mai ido ɗaya ne, diyya cikakkiya. Kalmar da tafinta ya zaɓa tana iya sa alƙali ya ɗauki babban rauni a matsayin ƙarami.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a kira haifima "gudan jini", amma jinin ba lallai ne ya daskare ba. "Jan ido" kuma ciwo ne dabam da kowa ya sani.

Abin da na tsaya a kai shi ne mu riƙa cewa "jinin farin ido" ga na farkon, haifima kuma mu kira ta "kwantaccen jinin baƙin ido". Mun riga mun saba da "yanar ido" da "kwarmin ido", saboda haka kunnen Bahaushe ba zai ƙi ta ba. Ina roƙon likitocin ido da ke cikinmu su duba ko ta dace da abin da suke gani a asibiti.