Neman kalma: me za mu kira "kwalifikeshan" a manhajar rabon duti?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ina mayar da rubutun wata manhajar rabon duti zuwa Hausa, irin su Deputy da When I Work, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini: abin da Bature ke kira kwalifikeshan.

Ga yadda abin yake. Ana rubuta wa kowane ma'aikaci matsayinsa: nas, ungozoma, direban motar asibiti. A ƙara abin da ya iya, da lasisin da ke hannunsa da ranar ƙarewarsa. Shi ma dutin ana rubuta masa irin mutumin da yake buƙata. In mai rosta, wato mai tsara jadawalin duti, ta buɗe dutin daren Asabar a ɗakin haihuwa, sai manhajar ta tace sunaye, ta fito da waɗanda suka dace kaɗai. Wata manhajar hana ka sa wani take yi ɗungurungum, wata gargaɗi kawai take yi. To wannan ma'aunin tacewar, mene ne sunansa?

Wani malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Cancanta. Kalma ce tsayayya, kowa ya san ta.

Wata mai rosta a asibiti: Malam, a gafarce ni, cancanta ba za ta zauna a nan ba. Ku tuna ma'aikaci ne zai karanta a wayarsa. Nas ta kwana tana ɗinke rauni a ɗakin gaggawa, da safe ta taɓa dutin ɗakin haihuwa, a rubuta mata "ba ki cancanta ba". Wallahi sai ta zo ofishina da ɓacin rai. Alhali abin da ake nufi, rajistarta ta jinya ce, ba ta ungozoma ba, kuma hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya daban take rajistar kowanne. Cancanta mutum take aunawa da darajarsa. Ita manhajar akwati kawai take dubawa, an cika ko ba a cika ba.

Wani ɗalibi: Shaidar karatu fa?

Mai tambaya: Ƙanena, ta yi ƙunci. A otal za a iya sa "yana jin Faransanci", a gidan mai "ya iya rufe lissafin dare". Babu makarantar da ta ba da kwali a kan waɗannan.

Malamin Hausa: Hajiya ta yi gaskiya, na janye. Ƙwarewa ma ba za ta ɗauka ba, don ita gwaninta take nunawa. Direban da ya shekara ashirin a kan titi ƙwararre ne, amma lasisin tuƙi na hukumar kiyaye haɗurra na shekara 3 ne ko 5. Ranar da ya ƙare, ƙwarewarsa na nan, sunansa ne zai fita daga jerin. Ina ganin kuskurenmu, muna neman kalmar a jikin ma'aikaci, alhali a jikin dutin take. Duti ne ke gindaya sharaɗi, ma'aikaci ya cika. Ku ce sharaɗi.

Mai rosta: Yauwa Malam! Amma kada a ce "sharuɗɗan aiki", mu a wurinmu wannan maganar albashi ce da hutu da fansho. A ce sharaɗin duti.

Mai tambaya: Na karɓa, Allah Ya saka da alheri. Matsayi ya zauna a matsayi, ban sa muƙami ba don shi girma yake nunawa, kuma mutum ɗaya yana iya riƙe matsayi biyu a rosta. Abin da mutum ya iya na sa masa iyawa. A shafin duti zan rubuta "Sharuɗɗan wannan duti". In an hana mutum, saƙon zai ce: "Wannan duti yana buƙatar rajistar ungozoma." In lasisi ne: "Lasisinka ya ƙare, sabunta shi kafin ka karɓi wannan duti."

Ɗalibi: Yaya, mutanenmu na Maradi da Damagaram fa, su da Faransanci suka saba, za su gane duti?

Mai tambaya: Tambaya mai kyau. A nasu zan gwada "sharaɗin karɓar aiki". 'Yan uwa na Nijar, ku faɗa mana abin da kuke cewa a asibitocinku.