Neman kalma: yaya za mu kira "cognome" da Hausa? Mu gwada a kan sunan Galilei

1/
Assalamu alaikum jama'a. Wani ɗan aiki ya tsaya mini a wuya tun makon jiya. Ina rubuta wa 'yan sakandare taƙaitaccen tarihin Galileo Galilei, masanin nan na Italiya da ya ɗaga madubin hangen nesa sama a 1609, ya kuma hango watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari, wato Jupiter, a 1610. Tun a jimlar farko na cije. Ina so in ce Galilei shi ne cognome ɗinsa, wato abin da Bature ɗan Ingila ke kira surname, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani a takarda da nom de famille. Hannuna da kansa ya rubuta "sunan mahaifi", don shi muka saba gani a fom. Sai na tuna mahaifin mutumin nan sunansa Vincenzo. Na goge.

2/
Bari in fara ba ku asalin sunan, don a kansa nake so mu auna kowace kalma da za a kawo.

Mutanen gidan nan a da ba Galilei ake ce musu ba, Bonaiuti ake ce musu, 'yan birnin Florence ne. A cikinsu aka yi wani likita mai suna Galileo Bonaiuti, wanda ya rayu a ƙarni na 15, ya koyar da likitanci, ya kuma riƙe muƙami a mulkin birnin. Sunan Galileo ya yi ƙarfi a gidan har ya danne tsohon, aka koma kiran reshen nan Galilei. Kabarin likitan yana nan a majami'ar Santa Croce, inda aka binne jikan jikokinsa, Galileon da duniya ta sani, wanda aka haifa a Pisa a 1564 ya rasu a 1642.

Kalmar Galileo kanta daga Latin take, ma'anarta mutumin ƙasar Galili, Bagalile ke nan a bakinmu. Wasalin "i" na ƙarshen Galilei kuwa jam'i ne a Italiyanci. Galileo ɗaya, Galilei da yawa. Da Bahaushe ne ya raɗa, da ya ce "su Galileo", ko kuma Galilawa, yadda mutanen Katsina ke cewa Dallazawa ga zuri'ar Ummarun Dallaje. Wannan ya ba ni sha'awa ƙwarai, domin dabarar iri ɗaya ce: a ɗauki sunan mutum guda, a mayar da shi jam'i, ya zama inuwar da duk wanda ya fito daga tsatsonsa zai shiga.

Haka akasarin sunayen tsakiya da arewacin Italiya suke. Medici jam'in likita ne. Ferrari maƙera ne. Rossi, wanda ya fi kowane suna yawa a ƙasar, jam'in "ja" ne, kamar ka ce su Jatau. A kudu kuma an fi barin sunan a tilo, shi ya sa ake samun Russo a can.

3/
Shi Galilei ba irin su Rossi ba ne. Suna ne na gida guda, bai bazu ba, kuma yau ba kasafai ake cin karo da mai ɗauke da shi ba, duk da cewa filin jirgin saman Pisa da makarantu barjat a Italiya suna amsa shi. Mahaifin Galileo, Vincenzo Galilei, makaɗi ne kuma masanin kiɗa. Ƙanen Galileo, Michelagnolo Galilei, ya tafi da sunan har Munich, inda ya yi kiɗa a fada. Daga wani reshen gidan aka samu Alessandro Galilei, mai zanen gine-gine, wanda ya tsara fuskar majami'ar San Giovanni in Laterano a Roma, ya rasu a 1737.

Ku lura: uba Galilei, ɗa Galilei, ƙane Galilei, ɗan'uwa na nesa bayan shekara ɗari Galilei. Sunan bai motsa ba. Namu kuwa tafiya yake yi. Musa ɗan Isa shi ne Musa Isa, ɗansa Ali ya zama Ali Musa, jikansa ya zama wane Ali. Kafin a kai jika, Isa ya fita daga takarda. Don haka "sunan mahaifi" da "sunan uba" sun dace da tsarinmu sarai, amma in ka ɗora su a kan Galilei ka yi wa mai karatu ƙarya, zai ɗauka akwai wani dattijo mai suna Galilei da ya haifi Galileo.

Akwai ma wani dalilin na zamani. A watan Afrilun 2022 kotun tsarin mulkin Italiya ta soke ɗabi'ar liƙa wa jariri sunan ɓangaren uba kai tsaye. Yanzu yaro na ɗaukar na uba da na uwa duka, sai in iyayen sun amince da guda. Ke nan akwai yaran Italiya da cognome ɗinsu daga uwa ya fito.

4/
Abin nan ba a takardar Galileo kawai ya dame ni ba. Ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ranar da aka kai shi firamare, malamin ya rubuta sunansa da na babanmu. Ni kuwa da aka kai ni, ajin akwai masu irin sunana har uku, sai aka liƙa mini sunan garinmu don a bambance. Haka muka girma, kowa da takardunsa. Bayan rasuwar baba muka je wani ofis kan wasu haƙƙoƙinsa. Ma'aikacin ya jera takardunmu biyu a kan tebur, ya dinga buga bayan biro a kan layin surname, na Yaya sannan nawa, na Yaya sannan nawa. Ya ɗago ya ce, "Ku ce min 'yan'uwa ne ku?" Yaya bai ce uffan ba, ya tattara takardun. Sai da muka yi kwana biyu muna zirga-zirgar takardar rantsuwa a kotu kafin a yarda uba ɗaya ya haife mu. Fom ɗin yana tambayar abu ɗaya, mu kuma kowa ya amsa abin da ya fahimta, domin ba mu da kalma tsayayya da za ta gaya mana abin da ake nema.

5/
Na fara da abin da ya fi kusa da baki.

"Sunan iyali" shi nake yawan ji a fassara. Bai kwanta mini ba. Iyali a wurinmu matarka ce da 'ya'yanka, waɗanda kake ciyarwa. Ba ka cewa kakan kakanka iyalinka ne. Kuma a Italiya mace ba ta sauya sunanta a takardun hukuma don ta yi aure, saboda haka a gida guda ma ba kowa ke amsa suna ɗaya ba.

"Sunan gida" yana da daɗin faɗa, sai dai yana da mai shi. In aka ce wa yarinya "mene ne sunanki na gida?", Ummi ko Mami za ta ce.

"Sunan ƙarshe" wuri kawai yake nunawa. A rajistar makaranta da takardun hukuma na Italiya sau da yawa shi ake fara rubutawa, Galilei Galileo.

Ni dai zuciyata ta karkata ga "sunan gado". Muna da sarautar gado, muna da sana'ar gado, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da "sunan yanka". Ina jiran ra'ayinku.

6/
Wani malami daga Sakkwato ya rubuto: "Ɗana, me ya hana laƙabi? Larabawa da yawa da shi suke cike wannan gurbin a takardunsu."

Allah gafarta Malam, na gode, kuma akwai gaskiya a ciki, don da yawa daga sunayen nan da laƙabi suka fara. Rossi na farko wani ja ne da maƙwabta suka yi wa inkiya. Amma a Hausa laƙabi na mutum ɗaya ne, yakan bi shi kabari. Su kansu Italiyawa suna da kalma daban ta laƙabi, soprannome, kuma a ƙauyukansu mutum kan riƙe biyun a lokaci guda. In muka ba cognome laƙabi, ranar da soprannome ya zo mana a fassara hannunmu wayam.

7/
Sai ga saƙon wata Hajiya daga Damagaram, kuma shi ya rusa mini gini. Ga abin da ta ce:

"Malam, ka sake duba sunan mutumin naka. Ka ce kakansu likita sunansa Galileo, shi ma an sa masa Galileo. To ai mayar da suna aka yi, an yi wa kaka takwara, irin yadda muke yi har mu koma kiran yaro Abba ko Baffa don kunya. In ka ce mini sunan gado, ni wannan zan fahimta. Ke nan sunayensa biyun duk na gado ne, wanne kake nufi?"

Hajiya, wallahi kin yi gaskiya, kuma ban hango ba. Mutumin nan ya gaji kakansa sau biyu. Galileo na farko takwara ne, an zaɓa masa ne, ana iya sa wa wannan ɗa a bar wancan, shi ya sa ƙanensa ya zama Michelagnolo. Galilei na biyu kuwa ba wanda ya zaɓa, duk ɗan gidan da shi ya tashi. Kalmar da ba ta iya raba waɗannan biyun ba ta yi mana aiki ba. Ga kuma wanda ya tuna mini cewa a rubuce, ba karin sauti, yaro ɗan aji ɗaya zai iya karanta gadon kwanciya. Wannan ƙaramin dalili ne, na Hajiya shi ne babba. Na janye "sunan gado".

8/
Saura biyu da aka kawo: "sunan dangi" da "sunan zuri'a".

Dangi yana da faɗi. Kawunka danginka ne, 'ya'yan gwaggonka danginka ne, kuma ba sunanku ɗaya ba ko a Italiya. Zuri'a kuwa gangarowa take yi daga mutum guda zuwa ƙasa, daidai yadda Galilei ya gangaro daga likitan Florence. Kuma ba ta ɗaure mu da uba ba, don muna cewa zuri'ar Nana Asma'u ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Hukuncin 2022 bai karya ta ba.

Na gwada ta a wurare masu wuya. Galileo bai auri Marina Gamba ba, matar da ta haifa masa Virginia a 1600, Livia a 1601 da Vincenzo a 1606. Sai a 1619 mai mulkin Tuscany ya halatta wannan Vincenzo a matsayin ɗan Galileo kuma magajinsa a doka. A Hausa sai mu ce an shigar da shi zuri'a, jimlar ta zauna daram.

Na kuma gwada ta a kan Esposito, sunan da masu kallon ƙwallon Italiya suka sani. A Napoli shi ake ba jariran da aka tsinta, ma'anarsa wanda aka ajiye a fili. A Roma Proietti ake ce musu, a Florence Innocenti, daga sunan gidan marayun birnin. Na farkon da aka ba sunan bai gaje shi daga kowa ba, a nan ma "gado" ya yi tuntuɓe. Amma daga kansa zuri'a ta fara, 'ya'yansa da jikokinsa suka ɗauka.

9/
Wani ƙanena ya ce ai mu ba mu da abin, don me za mu wahalar da kanmu neman sunansa. Ƙanena, su ma Italiyawa ba da shi aka halicce su ba. Leonardo da Vinci, wanda aka haifa a 1452, Leonardo na garin Vinci ne kawai, kamar Aminu Kano ko Shehu Shagari. Manyan gidaje ne suka fara riƙe suna tsayayye, talakawa suka biyo baya a hankali, musamman bayan taron malaman Katolika na Trent ya wajabta wa limaman majami'u rubuta rajistar baftisma da ta aure a 1563. Alƙalami ne ya daskarar da sunayen.

Mu ma alƙalamin yana kanmu yanzu, ga fasfo, ga katin ɗan ƙasa, ga banki. Kuma muna da namu tuni. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, amma 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne duk Ɗantata suke amsawa. Sardauna a makarantar Katsina Ahmadu Rabah ake kiransa, da sunan garinsu, daga baya ya ɗauki Bello, sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kakan mahaifinsa. Abin da Bonaiuti suka yi ke nan da suka koma Galilei.

10/
To ga inda na tsaya, sai in wani ya zo da hujjar da ta fi. Cognome, surname, nom de famille: sunan zuri'a. "Sunan mahaifi" ya ci gaba da zama a wurinsa, ga mai bin tsarin Musa Isa, kuma ina roƙon masu fassara fom su daina haɗa su a layi ɗaya. A ba kowanne layinsa, wanda ba shi da sunan zuri'a ya bar gurbin.

Hajiya ta sake tambaya ko "sunan yanka" zai yi wa wanda ba a yanka masa rago ba. A ganina kalmar ta riga ta wuce ragon a bakin mutane, amma wannan zance ne na wani zaren, kuma a rubutun yaran na kauce masa. Ga yadda jimlar ta fita:

"Sunansa Galileo, sunan mahaifinsa Vincenzo, sunan zuri'arsu kuma Galilei, wato Galilawa, jikokin wani likita na birnin Florence da aka yi wa takwara da shi."