Elektoron masu zaman kishi, ko akwai wadda ta fi ta?

Jama'a, kalma nake nema. Ƙanena da ke karatun fizik nan Damagaram ya same ni a fada da takardar Faransanci, ya nuna mini "électrons fortement corrélés", wani hali na elektoron, ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da wutar lantarki, wai in faɗa masa da Hausa. Shayi na biyu ya huce ban samo ba.

Ga tushen maganar. Girafen fallen kabon ne mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, saƙarsa irin ta zuma. A 2004 masana fizik Geim da Novoselov suka ɓamɓaro shi da salatif a Manchesta, daga irin baƙin da ke cikin fensir. In ka ɗora falle biyu ka ɗan murɗa na sama, wani babban zane sai ya bayyana. Ninka gidan sauro, ka ɗaga wa rana, ka ɗan karkata ɓari ɗaya, za ka ga layuka suna yawo. Faransawa muware suke cewa. Na ce "ruwan shadda", kowa ya yarda.

A 2011 wasu masanan, Bistritzer da MacDonald, suka lissafa cewa in murɗin ya kai wajen digiri 1.1, elektoron ɗin ciki sai su kusa tsayawa cik. A 2018 ɗakin binciken masani Jarillo-Herrero a jami'ar MIT, Amurka, ya gani da gwaji. Da gudu ya ragu, turewar da suke wa juna ita ke mulki, babu mai motsi sai ya duba inda sauran suke. In yawansu ya kai wani adadi sai su cije, wuta ba ta wucewa. A ɗan rage su ko a ƙara, sanyi ya kai kelbin 1.7, wato dab da iyakar sanyi, sai wutar ta wuce ba tirjiya ko kaɗan.

Wani malamin lise ya ce "masu dangantaka mai ƙarfi". Malam, da girmanka, wannan fassarar ƙamus ce, kamar dangi ake nufi. Wani ya kawo "haɗin kai", wanda ya fi muni, tunda su ture juna suke.

Da na koma gida ina ba da labari, Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai zaman kishiyoyi ke nan, ɗan nan. Ba a son juna, amma ko tabarma ba a shimfiɗawa sai an ga inda waccan ta sa tata."

Ni dai na ɗauka: elektoron masu zaman kishi. Ƙanena ya ja, ya ce, "Yaya, ai lokacin da wutar ke wucewa ba tirjiya, bibbiyu suke haɗuwa, ina kishin?" Inna ta ce ta ga kishiyoyin da suka haɗe wa miji kai. Ya rubuta, amma da fensir.