Rage wutar zaren bawul don ya daɗe

A ampili (na'urar ƙara sauti) mai aiki da bawul, wato kwalbar gilashin da ke ƙara ƙarfin sautin, yawan zafin zaren da ke ɗumama bawul na kashe shi da wuri. Zarurrukan bawul irin EL34 da 6L6 volt 6.3 suke so, amma in wutar gari ta haura 220 sosai, zaren kan sha kusan 7.

A auna a ƙafafun bawul bayan ya ɗumama, a sauke zuwa 6.0. In zarurrukan na jan amfiya 3, rezistans (ɗan abin rage wuta) mai om 0.1, wat 5, volt 0.3 kawai zai rage; daga 7 zuwa 6.0 sai mai kusan om 0.33. Kada a yi ƙasa da 5.7: katod, sashen bawul da zaren ke ɗumamawa, zai huce, ya gurɓace, sauti ya disashe. Wasu sun fi son istabilizata, na'urar daidaita wuta, tun daga soket, kuma a ganina da gaskiyarsu. A sauke cajin kondansa, mai ajiye wuta ko bayan an kashe ampili, kafin a sa hannu.